Ban Bari Ta Faɗi Sunan Ƙanwarta Ba

A shekarun 1980 ni ɗaliba ce daga Kaduna, ina karatun aikin jinya a Amurka, ga rawar kai, ga baki kamar rediyo. Bayan makaranta nakan kula da wata tsohuwa Bayahudiya a Takoma Park. Ba ta da kowa a duniya, danginta duk sun ƙare a sansanonin kisa na Turai lokacin yaƙin duniya na biyu. Kaka nake ce mata, ita kuma tana tsokanata wai yajin da nake ci zai ƙona mata gida.

Wata rana da la'asar aka sa fim a talabijin a kan waɗannan sansanoni. Ta ce in zauna kusa da ita, don ba ta taɓa iya kallon irinsa ba. Da aka nuna yara ana tura su cikin jirgin ƙasa, sai ta kama hannuna tana kuka. Ta ce tana da ƙanwa, a irin wannan tasha aka raba su, kuma tun daga ranar ba ta sake furta sunanta a gaban kowa ba, amma yau za ta faɗa mini.

A makon nan kuwa na kalli wani fim a taron ɗalibai, na Falasɗinawa da aka kora daga garuruwansu, mata da ƙunshin kaya a ka, abin yana ta cina a rai. Sai na tari numfashinta da irin ba da haƙurin da muke yi a gida, wato nuna wa mai kuka wanda ya fi shi shiga uku. Na ce ta gode wa Allah, ita ai ta samu gida, ga wasu can har yanzu a tanti. Gaskiya ba lallashi kaɗai ba ne, har da son in nuna na san duniya.

Ta saki hannuna a hankali. Ta ce ta san da su, ta kuma yi musu kuka ba sau ɗaya ba, yau dai so ta yi mutum ɗaya ya ji labarin yarinya ɗaya. Daga nan ta ce in kashe talabijin. Kunya ta hana ni sake tambayarta, kullum sai in ce gobe, har ta rasu kafin shekara ta zagayo.

Har yau ban daina tausayin Falasɗinawa ba, amma na gane ba a ɗora hawayen mutane a sikeli. Jama'a, in wani ya buɗe baki zai ba ku labarin ciwonsa, ku yi shiru ya gama. Ita kaɗai ta rage da ta san sunan yarinyar nan, ni kuma na sa aka binne ta da shi.