Sallamar Baba ta uku

Jar fitila na kunne, ina riƙe da kyamara, gumi na bin bayana, sai na ji an turo ƙofa: "Salamu alaikum!"

Muryar Baba ce.

A shekarun saba'in ne, ina kwas ɗin aikin talabijin a Kaduna. Ranar gwajinmu ce, shirin kuma kai tsaye yake fita. Dokar farko da aka koya mana ita ce in jar fitila ta kama, ko tari ba a yi. Ashe Baba ya taso tun daga Yammedi, can ƙasar Ƙaraye, don ya gan ni, aka nuna masa ƙofar ɗakin da muke shirin.

Kowa ya yi tsit. Ya sake sallama. Malaminmu ya zaro mini ido. Ni kuwa na san halin Baba, in ya yi ta uku ba a amsa ba, juyawa zai yi sai Ƙaraye.

Yana yin ta uku na ce, "Wa alaikumus salam, Baba, sannunku da hanya!"

Da aka gama na ce, "Baba, kun sa an rage mini maki. Duk mai talabijin ya ji ku."

Ya ce, "Duk sun ji, kai kaɗai ka amsa?"

Na ce, "E."

Ya ce, "To ka sauke musu nauyi. Wannan makin ba malaminka ke ba da shi ba."

Allah ya jiƙan Baba. Ku fa, da amsawa za ku yi ko shiru?