Ranar da Zipora Ta Ɗaga Waƙa

Tare muka tsufa da Zipora a kan tabarma ɗaya, muna tsaga citta a bayan kasuwar Kafanchan. 'Yar wajen Nok ce, aure ya kawo ta. Mijin ya rasu ya bar mata yara huɗu. Da wuƙar tsaga cittar nan ta riƙe su, har ta farinsu, Patricia, ta zama malamar firamare. Hannun Zipora na da sauri, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma murya babu. A zumuntar matan cocinmu ni ke ɗaga waƙa tun kafin a rufa ginin da kwano, ita tana layin baya tana motsa baki.

Waƙoƙina duk a kaina suke. Daga bakin uwata na ɗauka.

Sai Patricia ta fara koya wa uwarta karatu. Muna cikin aiki, Zipora na zana haruffa a ƙasa da tsinin wuƙa.

Na ce, "Maman Patricia, da furfura za ki shiga aji ɗaya? A ɗinka miki yunifom?"

Ta ce, "Ki zo mu yi tare, Maman Wilfred. Kyauta ne."

"In karatu ya busar miki da citta, ki kira ni."

Ban je ba. Ita ta yi ta fama, tana bin layi da yatsa kamar mai tsince tsakuwa a acca.

Bana aka sa babban taron zumunta a Zangon Kataf. Aka aiko wa kowane coci waƙa a takarda. Karin tsoho ne, baitocin ne sababbi, ga su da yawa, ga lokaci ya ƙure. A wajen gwaji shugabarmu, Mama Hellen, ta karanta mini su. Na riƙe na farko da na biyu. A na uku bakina ya koma tsohuwar waƙa, mata suka rikice suka yi shiru.

Sai wata siririyar murya ta ci gaba daga baya. Zipora ce, takarda a hannu, ta kai har ƙarshe ba ta yi tuntuɓe ba.

Mama Hellen ba ta iya kallona ba. "Maman Wilfred, ke ki buga mana tulun kiɗa. Hannunki na da nauyi."

Na buga musu tulu a Zangon Kataf. Zipora na gaba da tabaran aro, murya kamar ƙofar da ba ta ga mai ba, mutane kuwa suka yi ta tafi.

Da za mu dawo ta riƙe mini wuri kusa da ita a mota, tana ta ɗaga mini hannu. Na rungumi tuluna na shiga motar baya.