Akwatin Lofen Kawu Sale

Duk wanda ya zauna da mu a unguwar Ƙurban ta Madina ya san aikin Kawu Sale ran Juma'a bayan la'asar. Zai jawo tsohon akwatin ƙarfen nan daga ƙarƙashin gado, ya baje kayansa a tabarma: lofe iri-iri, battar taba, ƙyastu, da ƙunshin takardun naɗa sigari waɗanda suka girme ni. Ya ɗauki ɗaya ya shinshina, ya lumshe ido, ya ajiye. Mutumin da rabonsa da zuƙar taba tun ranar da ya sa ƙafa a Madina, shekara arba'in ke nan!

Yakan ce, "Ni in busa hayaƙi a garin Manzo? Allah ya kiyaye. Kallo dai nake."

Wani ɗalibin jami'a ya taɓa zuwa yi masa wa'azi. Kawu ya saurare shi tsaf, sannan ya ce, "Malam, ka ce kakanka ma ya sha kafin ya tuba? Allah ya gafarta masa. To lofen nasa fa, yana hannun wa?"

Akwai lokacin da ya ji labarin wani tsohon ma'aikacin jirgin ruwa a garin Yanbu na bakin teku mai takardar naɗi ta zamanin da. Ya ƙi hawa bas, wai tsada, ya ɗare bayan motar dabino. Ya dawo fuska duk ta ƙone, da 'yan takardu guda uku a aljihu, yana washe baki sai ka ce ya auro amarya.

Ni kuwa, wallahi, tsoro ya hana ni dariya. Irin takardun nan da su yara ke naɗa wiwi, kuma kun san ƙasar nan. Na ce, "Kawu, in 'yan sanda suka gani, wa zai tsaya jin bayani? Iƙamarmu, takardar izinin zama, ita ce za ta tafi, mu duka."

Ya ce, "Bashari, su zo mana. In nuna masu wadda aka yi a Khartum."

Da ƙirjinsa ya matsa aka kwantar da shi asibiti, likita ya ce tsohuwar tabar ce ta biyo bashinta. Ni kuma na samu dama. Na ɗauki akwatin na kai gonar wani abokina a unguwar Awali, na haƙa rami na binne.

Ran Juma'ar da ya dawo gida, ya zura hannu ƙarƙashin gado, ya laluba, ya sake lalubawa. Na tsaya ina jiran zagi. Bai ko ɗaga murya ba.

"Kai ne?"

"Ni ne, Kawu."

Ya zauna a tabarma. Can ya ce, "Har yau ina sonta, ɗan nan. Duk Juma'a nakan fito da su, in kalle su, in ce masu a'a. Shi ne ɗan abin da nake fatan nuna wa Ubangijina. Yanzu wa zan ce wa a'a?"

Na ce gobe zan tono. Goben nan na yi ta ɗaga ta, har Juma'a biyu suka wuce, ta uku muka yi masa sallar jana'iza. Abin nan yana cina har yanzu.

Allah, ka ga a'ar da bawanka ya yi shekara arba'in. Ka karɓa masa, ka sanyaya makwancinsa, ni kuma ka yafe mini.