Mukayyif Ɗin Kawu Sale

Duk wanda ya zauna a lungunmu na Mahjar, a Jidda, ya san Kawu Sale, yayan mahaifiyata, kuma ya san mukayyif ɗinsa, tsohon injin sanyaya ɗaki da ke maƙale a tagarsa yana ruri kamar injin markaɗe. Da ladan ya ɗaga murya, Kawu zai miƙa hannu ya kashe shi, lungu ya yi tsit. Ba ya sake kunnawa sai ya idar da salla ya sha shayi. Wai shi ma bawan Allah ne, a bar shi ya huta. Mu dai mun san tsoron kuɗin wuta ne kawai.

Na sha kunya a hannun mutumin nan, wallahi. Akwai ranar da na kai masa shugabana na wurin aiki su gaisa, wani injiniya ɗan Kano, muhandis a faɗar mutanen nan, ana tsakiyar zafin Jidda. Muna zama aka kira azahar, Kawu ya yi abin da ya saba. Tun da ciwon gwiwa ya hana shi sauka masallaci a ɗaki yake salla, don haka muka bi shi, gumi na ɗiga a kan darduma. Da ya ga baƙo ya jiƙe sharkaf, sai ya yago murfin kwalin dabino ya miƙa masa.

"Ya muhandis, ga naka mukayyif ɗin. Wannan ba ya shan wuta."

Na so ƙasa ta tsage in shige.

Sai ga tsarin nan na rangwame ya fito: ka ba da tsohon mukayyif mai zuƙar lantarki, a rage maka kuɗin sabo mai tattali. Na ce to, yau Allah ya kawo ƙarshen rurin nan. Da ƙyar na lallaɓa shi muka je wani shago a unguwar Madain Fahd. Mai shago ya yi ta nuna masa koriyar alamar da ke jikin sabon, ya kunna masa. Kawu ya kara kunne, ya daɗe bai ji ƙara ba, sannan ya tambaya ko gawa suke sayarwa. Daga nan ya juya ga mutanen da ke shagon, ya ce shi da yake rage wa hukuma wuta tun kafin a haifi mai shagon, ina nasa rangwamen? Har wani tsoho ya goya masa baya. Na ja hannunsa muka fita, ana ta dariya.

Duk da haka ban haƙura ba. Na kammala komai, masu ɗaurawa suka zo da sabo a kwali. Kawu ya ja kujera ya zauna daidai ƙarƙashin tsohon, ya ba su shayi, ya tambayi lafiyar iyayensu ɗaya bayan ɗaya, amma ko motsi. Na yi ta ba su haƙuri, fuskata kamar ta zube. Da suka tafi na ce, "Haba Kawu, mene ne laifin sabon nan?"

"Ya waladi, ɗana, ni kaɗai nake kwana a gidan nan," in ji shi. "Wancan ko tari ba ya yi. In na faɗi a ɗaki, wa zai sani? Halas, magana ta ƙare, mayar musu da abinsu."

Na ɗauka rigimarsa ce ta kullum, har na ba abokai labari muka yi dariya.

Wata Talata aka kira la'asar, aka tayar da salla, aka sallame, mukayyif ɗin Kawu bai yi shiru ba. Mai wankin da ke ƙasan benen ne ya fara ajiye dutsen guga ya ɗaga kai. Kafin a kira ni, rabin lungu sun hau sama. Suka same shi kishingiɗe da carbi a hannu, rai ya yi halinsa, jikinsa bai ko gama yin sanyi ba. Ni da na yi ta jin kunyarsa a gaban mutane, ranar na rasa inda zan sa idona.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yafe masa, ya sanyaya masa makwanci, sanyin da ba a kashewa.