Kwalliyar da Na Yi wa Inna Dije

Ni na ɗaura mata ɗankwali, ni na sa mata kwalli, ni na cire ledar da muke shimfiɗa mata a gado na cusa a bayan ƙofa. Baƙuwa za ta zo, ai ba a barin tsohuwa cikin zarni. Inna Dije ke nan, 'yar Katsina, tana gidan tsofaffin da nake aiki a unguwar Mansur ta Makka tun da aka rushe ɗakinta a unguwar Nakkasa.

Baƙuwar nas ce daga jam'iyyar agaji da ke biyan kuɗin kula da tsofaffin. Duk wata shida ake zuwa a duba kowa a ba shi daraja. Ɗaya, mai iya wa kansa. Biyu, sai an taimaka. Uku, a kwantar a tayar. Gwargwadon darajar mutum, gwargwadon abin da mudir, shugaban gidan, zai cike takarda ya karɓa a kansa. 'Yan biyu da uku su ke kwana a hawan ƙasa, su ake saya wa hafayiz, kunzugun manya. Inna tana biyu.

A ranar sabuwar nas aka turo, yarinya Balarabiya, ba ta jin Hausa, aka ce in yi tafinta. Tana shigowa Inna ta dafa bango ta miƙe tsaye, abin da ta yi wata uku ba ta yi ba, har da miƙa mata dabino. Yarinyar ta tambaya ko tana zuwa banɗaki da kanta, ko fitsari yana kufce mata. Na juya maganar. Inna ta harare ni.

"Ke Hajara, a gaban sa'ar jikar cikina za ki yi min wannan tambaya? Ce mata alhamdulillahi."

Na ce mata alhamdulillahi. Ni ma kunyar nake ji.

Bayan sati biyu aka manna sakamakon a kicin. Da girmana na koyi karatu, da yatsa nake bi, amma ɗaya ba ta ɓace min. Ita aka ba Inna. Na tafi wurin mudir na ce kuskure ne, ni na jawo shi, a gyara. Ya ce akwai takardar gyara, cikin wata ɗaya ake mayar da ita. Tafinta zai sa hannu, ya rubuta lambar iƙamarsa, wato katin zaman ƙasa, sannan jam'iyya ta sake turo mutum. Ya dube ni.

"Ya Hajja, ina iƙamarki?"

Ya san ba ni da ita, shi ya sa albashina rabi ne. Ashe ma a takardar farko sunan ƙanwarsa ya sa a matsayin tafinta, matar da ba ta taɓa ganin Inna ba. In aka buɗe maganar, shi za a fara kamawa. Ya ce a jira wata shida. Na ce to a bar ta a ƙasa. Ya ce gadon na wanda ake biya wa ne, har an yi alkawarinsa.

Aka kai ta hawa na biyu, banɗaki kuma sai an sauko matakala takwas. Na saya mata hafayiz da kuɗina har na kasa, na koma yayyaga tsofaffin haramin da alhazai ke yarwa a Mina. Da ta ga ina wanki kullum, sai ta daina shan ruwa, a wannan zafi na Makka. Na yi faɗa, na yi lallashi, ta ce ba za ta mai da ni baiwa ba.

Ku da kuke aikin yanzu, ranar dubawa kada ku yi wa kowa kwalliya. A bar leda a gado, a bar warin, ku faɗi abin da kuke wankewa ko tsohuwa za ta tsine muku.

Wata Talata bayan azahar jiri ya ɗebe ta a matakalar, ƙugu ya karye. Da aka dawo da ita daga asibiti ba a jira wata shida ba, a satin mudir ya kira jam'iyya da kansa. Ina goge mata baya ya leƙo da takarda a hannu, fuskarsa a sake. Ya ce in yi mata albishir, an ba ta uku.