Sunayen da Ke Cikin Faifan Mukhtaru

Duk wanda ya san unguwar Hindawiyya a Makka ya san ɗakin Malam Mukhtaru Kabo, ko da yake a 'yan shekarun nan ba kowa ke shiga ba. A Makka aka haife shi. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya sauke farali, ya ƙi komawa, kuma taurin kan nan kaf jikan ya gada.

Yana saurayi ya sami aiki a ofishin wani muɗawwif mai kula da alhazai, daidai lokacin da aka kawo kwamfuta mai cin faifai biyu. Shi da abokinsa Muhsin suka rubuta wata 'yar manhaja, suka sa mata suna Sabunta. Aikinta ɗaya ne: ka sa faifai biyu, ta duba kwanan watan kowane fayil, wanda ya fi zama sabo ta kwafe shi a kan tsohon, ko a wane faifai yake. Muhsin ya so a sa ta riƙa tambaya kafin ta kwafe. Mukhtaru ya ce ɓata lokaci ne, kuma kamar kullum shi ya yi nasara. Na'urar ba ta riƙe kwanan wata, duk kunnawa sai ta tambaya, shekara kuma lamba biyu kawai take karɓa. Mukhtaru Hijiriyya yake ba ta. Ɗan Makka, me ya haɗa shi da wata shekara?

Da ofis ya yi sababbin na'urori, ya roƙi tsohuwar ya kai gida, don yana da wani aiki da babu wanda ya sa shi. Akwai Hausawan da suka zo hajji suka zauna babu igama, wato takardar izinin zama. In sun rasu a binne su, kabari ba suna, dangi na can gida ba su da labari. Shi sai ya rubuta: suna, sunan uba, garin asali, ranar rasuwa, makabarta. Masu wankan gawa na unguwa ke kawo masa labari. Wani sai bayan shekara ashirin zai zo daga Damagaram yana cigiyar uwarsa, a nuna masa ƙofar Mukhtaru. Sunaye suka kai dubu ɗaya da ɗari tara, kuma babu su ko'ina a duniya sai a faifansa na aiki da na ajiya.

Muhsin ya rasu. Khalida matar Mukhtaru ta bi. Su suna da takardunsu, amma ya sa su cikin jerin, don a nan yake zama da mutanensa. 'Yarsa Manar ta yi aure a Jidda, sai dai waya.

"Ya Abuya, halas mana, ya isa haka," ta ce masa rannan, rabi Hausa rabi Larabci. "Bari in zo in ɗauki hotunan sunayen nan a waya."

"Shekara talatin da takwas na'urar nan ba ta taɓa yi mini ƙarya ba," ya ce. "Ɗayyib, sai kin zo."

Ba ta samu zuwa ba, shi ma bai tuna mata ba.

Wata ranar Talata da hantsi, a shekara ta 1445, faifan ajiya ya ƙi karantuwa, zafi ya cinye shi. Sunayen sun koma wuri ɗaya tak. Ya buɗe akwati ya lalubo wani tsohon faifai mai rubutun Muhsin a goshi. Ya daɗe yana kallon rubutun, kewa ta kama shi sosai. Ya sa faifan don ya zama sabon na ajiya, ya kira Sabunta. Na'ura ta yi 'yar ƙararta ta gama.

Da ya buɗe jerin, sunaye ɗari biyu da sha biyu ya gani.

Bai yi ihu ba. Ya duba kwanan watan tsohon fayil, ya ga 91. Muhsin ya taɓa aiki da wani kamfani a Jidda, hannunsa ya saba da Miladiyya, ran da ya yi wannan kwafin 91 ya ba na'ura, wato 1991. Fayil ɗin Mukhtaru kuwa 45 yake ɗauke da ita. A wajen Sabunta casa'in da ɗaya ta fi arba'in da biyar, sai ta kwafe tsoho a kan sabo ba tare da ta tambayi kowa ba, kamar yadda ya koya mata.

"Ka yi gaskiya, Muhsin," ya ce wa ɗakin.

Ya gyara zama ya fara bugawa daga ka. Muhsin Zali. Khalida. Wata Hajiya mai sayar da ƙosai a unguwar Tandabawi, 'yar Tawa. Wani tela gurgu na Sakkwato. Kafin la'asar ya tuna sittin da huɗu. Sauran fuskokinsu na zuwa masa sarai, sunayen sun ƙi zuwa, kuma wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Sai ya tuna masu wankan gawa, ai su za su riƙe wasu. Ya jawo ɗan littafin lambobin waya, yana bi da yatsa ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda zai kira. Ya kai shafin ƙarshe bai kira kowa ba. Duk waɗanda zai tambaya, shi da hannunsa ya rubuta su cikin sunayen da suka goge.