Haƙorin da na rasa a kasuwar Sassumbrum

A kasuwar Sassumbrum nake kafa tabur, ina saka wa mutane manhaja a salula. Babban rumbun manhaja na cikin waya ba ya karɓar biya sai da katin banki, kuma maƙwabcina a kasuwar, mai irin sana'ata, shi kaɗai ke da shi, yayansa ya buɗe masa a Kano. Duk mai son manhajar saye wurinsa yake zuwa.

Sai na gano wani ƙaramin rumbu mai karɓar kiredin waya. Cikin sati biyu mutanensa suka dawo gabana.

Ran kasuwa ta uku ya tsallako ya ce, "Malam, abincina kake ci!" Kafin in miƙe ya kife tabur ɗin, ya ɗauki benci ya maka mini a baki. Na ji haƙori a kan harshena, jini ya jiƙa rigata. Na shaƙe shi muka faɗa kan buhunan gyaɗa, sai da mahauta suka ɓamɓare hannuna daga wuyansa.

Jandarma suka kai mu Magaria. Da aka sake mu ya koma noma a Bande, ba mu ƙara gaisawa ba.